Ranar da Ban Shiga Rijiya Ba

Wannan babin saboda ke na rubuta shi, Binta, amma ƙannenki ma su karanta, don dukanku da labarin nan kuka tashi, kuma a karkace kuka same shi. Ranar ɗaurin auren 'yarki a Darmanawa ina zaune a zaure ina jira a nemo mini takalmina, na ji ki ta bayan labule kina gaya wa wata baƙuwa cewa ke marainiya ce tun kina wata bakwai. Kika ce mahaifinki rijiya ya faɗa, yayansa ya yunƙura zai shiga ya ciro shi, wani tsohon Kirista ya rungume shi ya hana. Kika ce Allah ya isa tsakaninki da mutumin. Ni ne yayan nan. Ni na riƙe ki har na aurar da ke, kuma ban taɓa buɗe baki na gyara miki labarin ba. Yanzu likita ya fara yi mini maganar gishiri da irin fuskar da na san ma'anarta, saboda haka gara in faɗa da kaina tun ina iya riƙe biro. Mutumin nan sunansa Baba Etim, kuma alhakinsa yana wuyana.

A wancan lokacin Gyadi-Gyadi ba cunkoson da kuka sani ba ce. In ka tsaya a bayan gidanmu gonakin dawa kake hange har wajen Tarauni, kuma kusan kowane gida da rijiyarsa, don famfo sai ya ga dama yake kawo ruwa. Ni tela ne, shagona yana bakin titin Zariya, kuma jikin bangona akwai wata rumfar kwano inda Baba Etim ke gyaran injin jan ruwa da injin markaɗe da janareto. Mutumin bakin teku ne, daga can wajen Kalaba. Ya zauna a Kano tun kafin yaƙin basasa, ya gudu da aka yi rikici, da ƙura ta lafa ya dawo shi kaɗai, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna kudu. Gajere ne, mai sanƙo, kunnensa na hagu ba ya ji, singiletinsa kuwa ban san asalin launinta ba saboda baƙin mai. Yana haya a wani ɗaki bayan rumfar, kuma ko sanyi ya kai ina ba ya rufe ƙofarsa. Bai taɓa kirana Lawan ba, sai Tela. Mutanen unguwa suna ce masa Baba Nitso, saboda ya ce a Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wata bakwai a cikin jirgin yaƙin Turawa mai tafiya a ƙarƙashin teku. Mu da ruwan da muka sani bai wuce kududdufi da kogin Wudil ba, sai muka ɗauki maganar tatsuniyar tsofaffi, muna zuga shi ya ba mu don mu yi dariya.

Shugaban masu zugar shi ne Sani, mahaifinki. Mu biyu kaɗai Inna ta haifa da muka rayu, babanmu kuma ya riga ya rasu. Ni shiru-shiru ne, shi kuwa in ya shigo wuri sai kowa ya sani. Da rana yakan zo da rake ya zauna a kan wani mataccen inji ya fara.

"Baba, don Allah in kuna can ƙasan, kifi yana leƙo ku ta taga?"

"Babu taga, ɗan banza. Ka taɓa ganin taga a jikin tulu?"

"To wa ya aike ka? Ƙasa ta yi maka kaɗan ne?"

"Tukunya ce ta aike ni," in ji shi.

Gaskiya kuwa tukunyar ce. Yana saurayi ya bi jiragen dakon kaya, yaƙi ya riske shi a wata tashar jiragen ruwa mai nisa yana wanke-wanke a kicin ɗin sojan ruwa. Mataimakin kukun wani jirgin nitso ya kwanta ciwo ana gobe za su fita, kukun, wani ƙaton Bature mai jan gashi da ya saba ganinsa wajen wanke tukwane, ya yafito shi da hannu, shi ke nan. Ya ce jirgin kamar dogon bututu yake, mutum ba ya miƙe hannu biyu bai taɓa ƙarfe ba, gado ɗaya mutum biyu ke karɓa-karɓa, burodi kwana huɗu ya yi kore sai a kankare a ci. Wuni suke yi a ƙasa suna laɓe suna jiran jiragen abokan gaba, sai duhu ya yi su taso su sha iska su yi cajin batir. In an gano su, sai kowa ya tuɓe takalmi ya yi shiru, ko cokali ba a ajiyewa da ƙarfi, ana jefo musu bam daga sama, kamar an sa ka cikin garwa ana dukanta da taɓarya. A nan kunnensa ya tafi. Amma ya ce ba bam ɗin ya fi tsoro ba, iska ce. In suka daɗe a ƙasa iskar sai ta ƙare kamar yadda tuwo ke ƙarewa a kwano, ka ƙyasta ashana ta ƙi kamawa. Ya ce muguwar iska ba ta wari, ba ta ciwo, barci kawai take kawowa da ɗan nauyin kai, mutum yana ganin lafiyarsa ƙalau har ya faɗi. Sani yakan ce ai wannan ba sai an je teku ba, a shiga motar Wudil ranar Juma'a a gani.

Akwai labari ɗaya da bai ba masu dariya ba. Ni kaɗai ya ba, wata rana da damina da ruwa ya tsare mu a rumfarsa tun azahar. Ya ce cikin jirgin ɗaki-ɗaki ne, tsakanin kowane ɗaki da ƙofar ƙarfe mai sitiyari a tsakiya, kuma dokar farko da ake koya wa kowa ita ce in ɓarna ta auku a wani ɗaki a rufe ƙofarsa, ko wa ke ciki. Wata rana bam ya fasa wani wuri, ruwan gishiri ya taɓa batir, hayaƙi mai guba ya tashi a ɗakin da kukun nan yake tare da mutum biyu. Shi Etim yana bakin ƙofar da bokitin dankali a hannu. Aka daka masa tsawa, ya ajiye bokitin, shi da wani soja suka tura ƙofar suka murɗa sitiyarin. Ya ce sun ji ana ƙwanƙwasawa da sifana daga ciki na ɗan lokaci, sannan aka daina. Jirgin ya koma gida da sauran mutanensa. Na tambaye shi abin da aka ce masa bayan nan.

"Ba wanda ya ce komai, Tela. Washegari ni na dafa abinci, suka ci."

Ruwa ya ɗauke, na koma kan kekena. Ban ɗauki labarin da wani nauyi ba, na dai daina yi masa dariya.

Shekarar da ta biyo baya ita ce wadda soja suka ce za su mayar da mulki ga farar hula, bayan sun shekara goma sha uku a kai. Yawancin samarinmu ba su taɓa jefa ƙuri'a ba, sai abin ya zama kamar sabon kaya ranar Salla. Kowane bango da hoton wani, kowace mota da lasifika, ni kuma ina ta ɗinka huluna da tutoci na kowane ɓangare, don allura ba ta da jam'iyya. Sani ya shiga harkar da ƙafa biyu, ya zama shugaban samarin wani ɗan takara a unguwarmu. Ɗan takarar nan ya sayo sabon injin jan ruwa mai aiki da fetur, jajawur, ya ce kyauta ce ga unguwa, aka ajiye shi a hannun Sani. Sani ya fi mako yana neman dalilin da zai kunna shi a gaban mutane. Sai ga shi da bazara kyanwa ta faɗa rijiyar gidanmu ta mutu, ba a ankara ba sai da ruwan ya soma wari. Malamin unguwa ya ce sai an kwashe ruwan tas kafin a sake alwala da shi. A da aikin guga ne, maza huɗu su wuni suna ja. Sani ya ce wannan zamanin ya wuce, yau za a ga aikin farar hula.

Matsalar ita ce rijiyarmu gaba tara ce, injin kuma ba ya iya zuƙo ruwa daga wannan zurfin in yana bisa. Sani ya je ya tambayi Baba Etim ko yana da dogon tiyo, ina ji daga shagona.

"Ba tiyo ba ne, injin ne ba zai ja ba. Ku yi da guga."

"To in na sauke injin ciki fa, kusa da ruwan?"

"Kada ka sa inji a rami. Yana cin iska, yana kashin guba. In ka sa, kada kowa ya bi shi."

"Baba, rijiya ce fa, bakinta a buɗe, ba jirginku ba."

Ya tafi yana dariya. Ni ma ban ga abin tsoro ba, rijiyar da tun muna yara muke shiga ciro guga. Ranar Asabar da hantsi aka yi sallama da maza, Inna da Hajara, mahaifiyarki, tana goye da ke a bayanta, suka shige ɗaki aka saki asabari. Aka ɗaure injin a kan katako da igiya biyu aka zura shi har ya kusa ruwa. Sani ya bi matakan da aka sassaƙa a jikin rijiyar ya sauka ya ja shi ya tashi, ya hau ya fito, ruwa ya soma bulbulowa ta tiyo yana bin lambatu, samarinsa suna tafi suna kiran sunan ɗan takararsu. Injin ya yi wajen rabin awa yana aiki, sai ya fara tari, ya mutu. Sani ya ce datti ne ya toshe shi. Ya tuɓe riga ya sake sauka. Muka ji shi yana cewa ruwan ya dawo iya gwiwa, saura kaɗan. Muka ji ya ja igiyar injin sau biyu, ya tashi, ya yi ɗan gurnani ya sake mutuwa. Muka jira ja na uku, ba mu ji ba. Na leƙa na kira sunansa. Ina hango farin wandonsa, yana zaune a cikin ruwan ya jingina da bango kamar mai hutawa.

Akwai wani lebura, Ɗanlami, ɗan ƙauye da ke haya a shagon zaurenmu. Kafin kowa ya ce uffan ya riga ya dira kan matakan, ko igiya bai ɗaura ba. Haka muke yi, haka muka ga iyayenmu suna yi, in mutum ya faɗa rijiya na kusa da shi ne ke bi, ba a shawara. Muna kallonsa ya wuce rabi, ya tsaya, ya ɗaga kai kamar zai faɗi wata magana, hannunsa ya saki. Muka ji faɗuwarsa. Nan gidan ya kaure da salati. Na fizgi igiyar guga na ɗaura a ƙuguna, na miƙa wa samari ɗaya bakin, na zauna a bakin rijiyar na zura ƙafar dama har ta sami matakin farko.

A daidai nan Baba Etim ya shigo da gudu. Shekara da shekaru bai taɓa wuce zaurenmu ba, ranar nan ko sallama bai yi ba.

"Tela, tsaya. Injin kashe shi aka yi, ko da kansa ya mutu?"

"Da kansa."

"To abin da ya kashe shi ne ya kwantar da su. A ba ni fitila."

Wani ya ɗauko fitilar ƙwai daga zaure, Baba Etim ya kunna ta ya ɗaura a zare ya zura. Tana gaba uku harshen wutar ya yi ja, ya ƙanƙance, ya mutu, da rana tsaka, babu ko iska mai kaɗawa. Mutane sun cika tsakar gidan, har kan katanga. Ina jin muryoyi ta ko'ina.

"Lawan, me kake jira? Ɗan'uwanka ne fa!"

"Ku janye tsohon nan daga wurin!"

"Ka yi bismilla ka shiga, Allah na nan!"

Duk masu faɗar haka ba wanda ya tuɓe rigarsa, amma wannan daga baya na lura. Baba Etim ya matso inda zan ji shi. Ki kula da wannan, Binta, don saboda shi na ɗauki biro. Hannayensa biyu a bayansa suke, ya harɗe su, kamar yadda yake tsayawa in yana sauraron ƙarar inji. Tsakanina da shi akwai taku biyu.

"Ba zan taɓa ka ba, Tela. Ƙaninka ne, ba nawa ba. In ka shiga yanzu ba za ka kai rabi ba, mutum uku za mu ciro. In ka ba ni lokaci in sa iska, wataƙila mu sami ɗaya, wataƙila biyu. Kai za ka zaɓa."

Na dubi fitilar da ke lilo a mace, na dubi farin wandon Sani. Sannan na janye ƙafata daga matakin na fito da ita waje.

Na yi shekaru ina tambayar kaina ko hankali ne ya fito da ƙafar nan ko tsoro. Amsar da na samu ita ce duka biyun. Na yarda da maganarsa, don na ga fitilar da idona, gani kuwa ya kori ji. Amma kuma na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma da ya ba ni dalilin tsayawa, wani ɓangare na zuciyata ya ji sanyi. Wannan sanyin ne ban taɓa yafe wa kaina ba. Ana cewa ɗan'uwa rabin jiki, to ni na zauna a bakin rijiya da igiya a ƙugu ina kallon rabin jikina a ƙasa. Har wani cikin samarin Sani ya yunƙuro zai shiga, ni da kaina na tare shi na ce duk wanda ya matso sai na karya shi.

Baba Etim ya aika aka turo injin iska na mai faci daga bakin titi a kan kura, aka harhaɗa tiyo aka zura har ƙasa. Aka fizgo injin ɗan takarar daga rijiyar aka yar gefe. Ya sa aka buɗe laima biyu aka ɗaure su a igiya ana saukarwa ana fizgowa don su kwaso tsohuwar iskar. Ya sake zura fitila, ta mutu a gaba shida. Ana zaginsa, ana zagina, bai ɗaga kai ba. A karo na uku ta isa ƙasa da ranta. Ban san minti nawa aka yi ba, mutane sun ce ashirin, ni a wurina ya fi wuni. Ya ɗaura mini bakin tiyon a ƙirji kusa da haɓata, ya ce in na ji barci in ja igiya, kada in yi jarumta. Na sauka. Ɗanlami yana kwance rabi a kan ƙafafun Sani, kansa ya tokare da bango, yana wani irin minshari. Sani kuwa ya zame, fuskarsa tana cikin ruwa. Na ɗago kansa, na taɓa wuyansa, na san ya tafi. Na mayar da shi na jingina, na ɗaura wa Ɗanlami igiya aka fara jan sa. Sai da ya fita sannan na rungumi ƙanina aka jawo mu tare. Ɗanlami ya rayu, ko da yake har ya mutu yana fama da mantuwa, maganarsa kuma ba ta ƙara sauri ba. Sani kuwa kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

A zaman makoki labarin ya fara sauya kama. Samarin Sani ba sa so a ce injin ɗan takararsu ne ya yi kisa ana saura 'yan watanni zaɓe. 'Yan'uwa kuma ba sa so a ce ɗan gidansu ya ga ƙaninsa a rami ya tsaya. Kowa yana neman inda zai ajiye abin, ga kuma baƙo a kusa, ba dangi, ba addini ɗaya. Rana ta biyu na ji ana cewa ya tare ni. Rana ta uku an ce ya riƙe mini riga. Kafin sadakar bakwai ya zama ya rungume ni ta baya ina kuka ina fizgewa. Mutum hamsin sun ga abin da ya faru da idonsu, amma kowa ya fi yarda da abin da ya ji. Ranar bakwai ɗin Kawu Bala, yayan Inna, wanda ya zo daga ƙauye, ya dube ni a gaban dattawa a ƙofar gida.

"Lawan, ina so in ji daga bakinka. Mutumin nan riƙe ka ya yi?"

Na sunkuyar da kai. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, hawaye ne kawai suka zubo mini.

"Shi ke nan, ya isa," in ji Kawu. "Allah ya saka mana."

Ban yi ƙarya da harshena ba, kuma na daɗe ina lallashin kaina da wannan. Amma na san abin da shiruna ya ce, kowa ma ya sani. Laifi tudu ne, na taka nawa na bar mutane suna hango na wani.

Daga nan aka daina kai wa Baba Etim gyara. Mai kokon da ke ajiye masa kofi kullum ta ce ya ƙare. Yara suka fara jifan kwanon rumfarsa, manya suna gani suna kawar da kai. Wata rana aka watsa masa ruwan kwata a ƙofar ɗakin nan da ba ya rufewa. Ni ina jikin bangonsa ina taka keke, in ya gaishe ni in amsa ƙasa-ƙasa ina duban ko wani na kallo. Aka yi zaɓe, ɗan takarar Sani ya ci, bai ko zo gaisuwa ba. Wajen ƙarshen damina, a makon da soja suka miƙa mulki ana ta kaɗe-kaɗe a gari, mai gidan hayarsa ya ce masa cikin ladabi yana bukatar ɗakin. Ranar da zai tashi ya shigo shagona karɓar wani wandonsa da ya kawo in rage masa tun kafin abin ya faru. Ba kowa sai mu biyu. Na miƙa masa.

"Baba, zan faɗa musu. Gobe bayan sallar Juma'a zan tsaya in faɗa."

Ya juyo da kunnensa mai ji, ya sa na maimaita. Ya ninke wandon ya sa a hammata.

"Ka bar shi haka, Tela. Kai kana da uwa a unguwar nan, da matar ƙaninka, da jaririya. Ni akwati ɗaya gare ni."

"Amma ba ka taɓa ni ba."

"Na sani. Ka yi daidai ranar nan. Ba za ka ji daɗinsa ba, amma ka yi daidai."

Ya hau bayan a-kori-kura da akwatinsa da kayan aikinsa, aka yi Sabon Gari da shi. Juma'a ta zo ta wuce ban tsaya ba. Ya ba ni izinin yin shiru, ni kuma na karɓa da hannu biyu, don abin da nake so ke nan. Bayan shekara uku na je nemansa, aka ce ya koma garinsu, daga baya wani makaniki ya ce mini ya ji ya rasu. Hajara ta yaye ki ta yi aure a Unguwa Uku, Inna ta ce ke kam ba inda za ki, kika zauna a hannunmu. Aka cike rijiyar da ƙasa, wurin ne yanzu aka yi ɗakin girki.

Inna ta shekara goma sha ɗaya bayan Sani. Duk tsawon nan ba ta taɓa yi mini maganar ranar ba, amma in an ambaci tsohon sai ta ce Allah ya isa, a bakinta kika koya. Da ciwonta na ƙarshe ya yi nauyi, wata rana bayan la'asar na shiga na same ta ita kaɗai, kin tafi islamiyya. Na zauna a ƙasa kusa da gadonta na ce ina neman gafara, akwai abin da na ɓoye mata. Na faɗa mata duka, tun daga fitilar har tambayar Kawu Bala. Ina magana ina jiran ta tsine mini. Ta bari har na gama, idonta a kan rufin ɗaki.

"Na sani," ta ce.

"Wa ya gaya miki, Inna?"

"Asabari ba bango ba ne. Ina tsaye a bayansa tun da ka ɗaura igiyar. Na ga ƙafarka ta shiga, na ga ta fito. Hannunsa a baya yake."

Da ƙyar na tambaye ta me ya sa ta yi shekara goma sha ɗaya tana ja wa mutumin Allah ya isa, alhali ta gani.

"Lokacin da ƙafarka ke ciki, ina roƙon Allah ya fito da ita. Da ta fito kuma na ji ba na son ganinka. To da wa zan yi fushin? Kai kaɗai ka rage mini."

Ta juya fuskarta bango. Bayan kwana tara ta rasu, ba mu sake tayar da maganar ba.

To kin ji, Binta. Mahaifinki ya mutu a rijiyar gidanmu ina zaune a bakinta da igiya a ƙuguna, ba wanda ya riƙe ni. Tsohon da kike ja wa Allah ya isa shi ne ya sa kika sami wanda ya rene ki, kuma ya bar unguwa da sunan mai kisa don kada a kira ni matsoraci. In za ki yi fushi, kina da hakki, kuma ga ni nan da raina a Gyadi-Gyadi, kin san ɗakina. Ki kawo shi nan.